Babi na Biyar: Wane Launi Ne Arziki?

Akwai tambayar da ɗalibai kan yi wa malamin adabi, a lisen Tasawa ne ko a sakandaren Katsina, wani lokaci da baki, wani lokaci a zuci. In mai labari ya ce ɗan sarki ya fito bisa kili, da farar alkyabba da jar dara, wani abu yake nufi, ko kuwa doki ne kawai da tufafi, malamai ne ke ƙaƙaba masa ma'anar da shi kansa bai san da ita ba? Yaran da ke sauraron tatsuniya ma sukan yi irinta. Me ya sa duk wanda ya dace a ƙarshen labari sai an ce yana ƙyalli, kuma me ya sa ba a taɓa jin ɗan sarki ya zo neman aure bisa jaki mai ruwan toka ba?

Tambayar ta cancanci amsa. Mai ba da labari ba shi da hoto, ba shi da majigi, bakinsa ko alƙalaminsa ne jarinsa. In yana so ka san matsayin mutum ba tare da ya ƙirga maka shanunsa da rumbunansa ba, hanya mafi kusa ita ce ya faɗa maka launin abin da ya sa a jiki. Launi a labari kamar guɗa yake a gidan biki: tun kana ƙofar gida ka san abin da ake ciki. Abin da ya rage mu gano shi ne yadda aka yi wani launi ya zama na masu hali, wani ya zama na talaka, da dalilin da ya sa manyan marubuta suke fenta buri da launin da za su dawo su yi gargaɗi da shi.

Amsar da ke bakin kowa

Ka tare kowa a tashar mota ka tambaye shi, zai ce maka ai abin a fili yake: fari alheri, baƙi sharri, ja kuwa ƙarfi ko haɗari. Yana da hujja. Muna cewa farin ciki da baƙin ciki, farin jini da baƙin jini, jan aiki da jan hali. Alƙur'ani ya ba da labarin ranar da wasu fuskoki za su yi fari, wasu su yi baƙi. Masu bori na ƙasar Maraɗi ma sun san Doguwa biyu, Fara da Baƙa, kowace da halinta.

Sai dai wannan amsa ba ta kai mu gida. Likkafani fari ne. Matar da aka ce tana da farar ƙafa, tsiya ake jingina mata, bisa wani camfi da ya kashe aure da dama. Tawadar da almajiri ke rubuta allo da ita baƙa ce, haka ma rigar Ka'aba. Sannan a zamanin kakanninmu, rawanin da attajiri ke naɗawa don a san ya isa baƙi ne wuluk, yana walƙiya. Ke nan rabon alheri da sharri bai isa ya bayyana mana launin arziki ba. Dole mu bar tashar mota mu shiga kasuwa, mu tambayi farashi.

Baƙin da ya fi ƙarfin talaka

A watan Janairu na 1851 wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Tasawa bayan ya biyo ayarin gishirin Abzinawa daga arewa. Cikin abubuwan da ya rubuta game da garin akwai marina, da kuma wahalar da 'yan kasuwa ke sha wajen ƙidayar wuri. Da ya isa Kano a watan Fabrairu, ya ƙiyasta cewa tufafin da garin ke fitarwa waje a shekara sun kai aƙalla wuri miliyan 300. Kaso mai yawa na wannan dukiya rini ne, kuma Tasawa tana kan hanyar da kayan ke bi zuwa Agadas da bayanta.

Me ya sa rinin yake da tsada? Sai an noma baba, an yanke shi, an kirɓa, an shanya. Sai marini ya haɗa shi da ruwan toka a karofi, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana motsawa yana duba ko ya nuna. In aka tsoma zane aka ɗago, da farko tsanwa yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi. Tsomi ɗaya shuɗi mai haske yake bayarwa, wanda kowa zai iya saye. Kafin ya yi duhu har ya koma baƙi sai an yi ta maimaitawa, kowane tsomi da kuɗinsa. Bayan nan a kai shi mabuga, a barbaɗa masa shuni, ƙarti su yi ta dukansa bisa gungume har ya ɗauki sheƙi. Haka ake yin turkuɗi da rawani ɗan Kura, wanda ya samo sunansa daga garin Kura na ƙasar Kano. Shunin yakan zuba a fatar mai shi, kuma Buzu ko amaryar da goshinta ya yi shuɗi ba ta gaggawar wankewa, domin shi ne shaidar cewa abin da ta sa na gaske ne.

Saboda haka in maroƙi ko mai tatsuniya ya ce wane ya naɗo ɗan Kura, mutanen wancan zamani farashi suke ji. Mu da muka taso bayan rini ya yi araha sai mu ji launi kawai, rabin maganar ya wuce mu.

Ba mu kaɗai ba ne. A daular Rum launin sarauta shi ne wani ja mai ratsin shuɗi da ake tatsa daga dodon koɗin teku, aka fi saninsa da birnin Sur na ƙasar Labanan ta yau. A 1909 wani masanin sinadarai, Paul Friedländer, ya gwada: dodon koɗi 12,000 ne suka ba shi giram 1.4. Shi ya sa a tsofaffin littattafan Turawa da zarar an ambaci wannan launi an ambaci mulki.

Ja, baƙon da ya ƙetaro hamada

In baƙi mai sheƙi aikin gida ne, jan da ke jikin manya yawanci baƙo ne. Jar dara daga arewacin Afirka take zuwa. Mulufi, jan ulun da ake yi wa doki da sarki ado da shi, haka. Murjanin da mata ke ratayawa daga teku yake. Alharini, wani siliki mai launin ja garau, ta Tarabulus fatake ke kawo shi, masaƙa su saƙa shi cikin riguna irin su barage. Duk abin da ya yi watanni bisa raƙumi, ya biya fito a kowane zango, ba zai sauka a bukkar talaka ba. Shi ya sa ja ya zauna a fada. Har yau dogari da ja da tsanwa ake gane shi.

Mu ma muna da jan da muke aikawa. Jar akuyar Maraɗi, wadda ƙasar Tasawa take cikin matattararta, fatarta ta yi suna tun da daɗewa. Majema su jeme ta, a rina ta da karan dafi, ta ƙetare hamada, Turawa su saye ta da sunan fatar Maroko su yi bangon littafi da ita. A ƙauyukan Mayahi har gobe jar akuya ita ce asusun mace: da ita take yi wa ɗiya kayan ɗaki, da ita take fita kunyar biki. In kuma aka ce yarinya ta hango jar miya, kowa ya san gidan da ake nufi, gidan da tumatir da mai da nama ba sa yankewa, ba gidan kuka da daddawa ba.

Wanda ya yi karatun lakwal mai zurfi zai tuna da littafin Bafaranshe Stendhal na 1830, wanda sunansa ma launi biyu ne, ja da baƙi. Julien Sorel ɗan mai yankan katako ne da ya ƙudura sai ya zama wani. Yawancin masu sharhi sun ce ja kakin soja ne, baƙi rigar limamin coci, wato hanyoyi biyu da ɗan talaka zai bi ya hau sama a Faransar wancan lokaci. Ya gwada hawan, ya ƙare a hannun hauni. A ƙasar Sin kuwa, littafin da suka fi ji da shi, na Cao Xueqin, wanda aka fara bugawa a 1791, sunansa yana nufin mafarkin jan soro, domin ja shi ne launin gidajen manya a can. Labarin wani babban gida ne da ya yi tashe, sannan sarki ya ƙwace dukiyarsa, magajin gidan ya bar duniya ya shiga zuhudu. A duka littattafan biyu, launin da ya jawo mutum shi ne ya raka shi zuwa faɗuwa.

Fari, launin wanda ba ya noma

Farin ƙyalle ba shi da tsadar rini, to me ya kai shi jikin manya? Sayensa ba wuya, riƙe shi ne aiki. A ƙasar rairayi da ƙura da jar ƙasa, mutumin da ya wuni da farar riga ta kai magariba tana fara ya gaya maka bai riƙe hauya ba, bai ɗauki dammi ba, kuma yana da mai yi masa wanki. Kili ma haka, sai da ɗan barga mai wanke shi da goge shi. Ƙari a kan haka, kuɗin kansa fari ne tsawon ƙarnoni: wuri fari, azurfa fara. Dalar azurfa mai hoton Mariya Tariza, wadda ake bugawa da shekarar 1780, maƙera sun narka ta sun yi wa mata mundaye da zobba. A ɓangaren abinci kuma, a ƙasar da gero da dawa ne cimar yau da kullum, fararen abubuwa su ne na ranar salla da na gidan sarki: shinkafa, alkama, nono, kitse.

Da wannan a zuci, sake sauraron tatsuniyar Ta-kitse, wadda take cikin tsofaffin tatsuniyoyin da aka fara tattarawa a rubuce tun zamanin Frank Edgar, mai littattafai uku da suka fito tsakanin 1911 da 1913. A yawancin ruwayoyi, sarki ya sa an yanka san wata tsohuwa, aka bar ta da kitse da kayan ciki. Ta adana, kitsen ya rikiɗa ya zama budurwa fara sol, wadda ba a taɓa ganin kamarta ba. Sarki ya gani ya ce sai ita. Tsohuwa ta yarda bisa sharaɗi: kada ta shiga rana, kada ta kusanci wuta. Ranar da sarki ya yi tafiya kishiyoyi suka tilasta mata aiki, ta narke.

Yara dariya suke yi, ko su ji tausayi. Babba kuwa ya kamata ya ga abin da kakanni suka dunƙule a ciki. Sun ɗauki abu mafi daɗi da talaka ke mafarkinsa, suka ba shi siffar mace, suka kai shi fada, sannan suka nuna cewa ba ya jure abu biyu da rayuwar kowace mace ta ƙauye ta ginu a kansu, rana da murhu. Kyan da ba ya iya daka, ba ya iya girki, na kallo ne.

Karin maganar nan ta kallon kitse ake yi wa rogo daga wannan rijiya ta sha. Rogo fari ne, kitse fari ne, mai yunwa daga nesa ba ya bambancewa. Abdulƙadir Ɗangambo ya ɗauki wannan ya sa wa littafinsa suna Kitsen Rogo a ƙarshen shekarun 1970, labarin saurayin da ya raina gona ya tafi birni neman jin daɗi, ya faɗa hannun miyagun abokai. Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa barin Tasawa ko Mayahi bayan girbi, ya ga fitilun birni daga bayan mota, ya san abin da littafin ke faɗi ko bai karanta ba.

Tsanwa, alkawarin da bai nuna ba

A wurinmu babu launin da ya kai tsanwa ɗaukar buri. Wanda ya ga Gulbin Kaba a watan Afrilu, ƙasa ta yi fari fat sai goriba da gawo, sannan ya dawo a watan Agusta ya tarar da gero ya rufe mutum, ba ya bukatar malami ya fassara masa. Tsanwar da ke ƙasan tutar Nijar ma wannan yanki na kudu mai noma take wakilta. Alƙur'ani ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da koren alharini, kuma masu waƙoƙin wa'azi sun bi wannan sawu wajen kwaɗaitar da mutane.

Amma manomi ya san wani abu game da tsanwa wanda ɗan birni kan manta. Geron da yake kore shar ba a ci. Alkawari ne, tsakaninsa da rumbu akwai sauran wata guda ko biyu, kuma a cikinsu ruwa na iya ɗaukewa, fara na iya sauka. Waɗanda suka ga farin 1984, da waɗanda suka ga farar 2004 da yunwar da ta biyo baya a 2005, sun ga gona ta yi kyau sannan ta tashi a banza. Alƙur'ani ma da wannan ya buga misalin rayuwar duniya: shuka ta yi kyau ta burge manoma, sannan ta yi rawaya, sannan ta zama karmami.

Wani marubucin Amurka, F. Scott Fitzgerald, ya gina littafinsa The Great Gatsby na 1925 a kan irin wannan tsanwa, ko da yake shi bai san gero ba. Gatsby ɗan talakawan manoma ne. Yana ƙaramin hafsan soja ya so wata yarinya 'yar masu hali, Daisy, aka tura shi yaƙi, ta auri wani attajiri ɗan gado. Ya dawo ya tara dukiya ta hanyar fasa-ƙwaurin giya, ya sayi katafaren gida a bakin ruwa daura da nata. A ƙarshen matsayar jiragen ruwan gidanta akwai wata koriyar fitila, kuma da dare yakan tsaya shi kaɗai yana miƙa hannu wajenta. Ga Ba'amurke kore launin takardar dala ne, kuma shi ne launin da ke ba mota izinin wucewa. Fitilar ta haɗa masa mace da kuɗi da gobe a wuri ɗaya.

Marubucin bai tsaya nan ba. Daisy kullum cikin farare take, alhali zuciyarta ba ta kai tufafinta ba. Motar Gatsby rawaya ce, mai kama da zinariya amma ba ita ba, kamar dai arzikinsa a idon masu tsohon kuɗi. Tsakanin unguwar attajirai da birnin New York kuwa akwai wani fili na juji da toka, nan talakawa suke. Motar nan ce, Daisy na tuƙi, ta take wata mata daga wannan unguwa ta toka. Mijin matar ya harbe Gatsby, Daisy ta koma wa mijinta, masu cika gidansa da shagali kuma ba su zo jana'iza ba. Wani abin lura shi ne, ranar da Gatsby ya samu ya tsaya da Daisy a gefensa, mai ba da labarin ya nuna cewa fitilar ta rasa girmanta, ta koma fitila kawai. Mu da muka gaji maganar fataken da ke cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne, mun riga mun san wannan darasi.

Ƙashin labarin ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, attajiri Malam Shehu ne ya raba Abubakar da Zainab da ƙarfin dukiya, kuma abin da ya biyo baya bai bar kowa da daɗi ba.

Mai wa'azi da fentinsa

Malamanmu na da sun fi kowa sanin ƙarfin launi, shi ya sa suka yi amfani da shi ta fuska biyu. A cikin Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka daɗe da fassarawa zuwa Hausa, akwai labarin Shaddadu ɗan Adu. Ya ji siffar Aljanna ya ce zai gina irinta a duniya. Aka yi masa birnin Iram da tubalin zinariya da na azurfa, aka zuba yaƙutu da lu'ulu'u. Mai labarin yakan daɗe yana jera launuka har mai sauraro ya shagala. Sannan a taƙaice ya ce, saura tafiyar yini da kwana Shaddadu ya isa birnin, tsawa ta sauko daga sama ta hallaka shi da rundunarsa. Bai taka birnin ba. Tsawon siffantawa da gajartar ƙarshe, su ne wa'azin.

Haka masu waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 suka yi. Sukan kamanta duniya da tsohuwar da ta sha kwalliya, mai ruɗin wanda ya hango ta daga nesa. Biyu daga cikin sanannun waƙoƙin ma da launi aka sa musu suna, Baƙin Mari da Jan Mari, kuma a nan ja ya tashi daga mulufi ya koma ƙarfen da wuta ta gasa. Ba hasashe suke yi ba, abin da ke gabansu suke gani. Abdullahi ɗan Fodiyo, a littafinsa Tazyinul Waraƙati, ya koka da yadda wasu da suka fito jihadi don addini suka koma neman mulki da ƙwaraƙwarai da riguna masu ado da dawakin hawan gari. Abin ya dame shi har a 1807 ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, ya tsaya a Kano.

Ranar da rini ya yi araha

A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana neman haɗa maganin zazzaɓi sai ya dace da rinin sinadari. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya, launin da sai sarki ya zama na kowa. Karofi da yawa suka bushe. Yau 'yar talaka tana iya sa ja da shuɗi da rawaya a zane ɗaya.

Buri bai mutu ba, wurin zama ya sake. Da launi ya daina rarrabe mutane, sai aka koma ga sheƙi da sunan kamfani: shadda gezna daga Ostiriya, galila rinin Bamako, atamfa 'yar Holan. Mabugan da kakanninsu suka bugi turkuɗi yanzu shadda suke bugu. Littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano tun daga shekarun 1980 suka ɗauki sabon ma'auni: motar da baƙin gilashinta ke ɓoye mai ita, falo mai farin tayil, sarƙar gwal ta Dubai.

A nan ne wani abu ya karkace. A yawancin waɗannan littattafai, da finafinan da suka biyo su, farin ya sauka daga riga ya koma fata. Tauraruwar labari fara ce, doguwa, mai gashi har gadon baya, kuma ita ce ke ƙarewa a gidan mai kuɗi. Tatsuniyar Ta-kitse ta ba mu farar mace sannan ta narkar da ita don mu yi tunani. Sabon labari yakan ba mu ita ya bar ta a falo, babu sharaɗi, babu rana. 'Yan mata suna karantawa, suna kallo, kuma man bilicin yana nan a kowace kasuwa, da illar da likitoci ke ta faɗa game da fata da ƙoda. Marubucin da ya ce shi labari kawai yake bayarwa, ya duba abin da alƙalaminsa ke sa wa farashi.

Samari kuma nasu launin ruwan gwal ne. Da aka gano zinariya a Jado a 2014, matasa daga kowane sashe na Nijar, har da ƙasar Maraɗi, suka sayar da abin da suka mallaka suka nufi arewa. Wasu sun dawo sun yi gini, labarinsu ne ake ta yaɗawa a majalisa. Da yawa sun dawo da bashi, wasu hamada ta riƙe su, kafin gwamnati ta rufe wurin a 2017. Labarin da ke jan saurayi zuwa ramin zinariya, ginin Shaddadu ne aka cire masa tsawar ƙarshe.

Abin da za ka riƙa tambaya

Yanzu muna iya ba ɗalibin nan amsa. Ba kowane launi a littafi ne yake ɗauke da saƙo ba, wani lokaci jar hula jar hula ce. Amma in ka ga marubuci ya nanata launi, ko ya liƙa shi ga mutum ɗaya ko wuri ɗaya, to ka tsaya ka yi tambaya. Da farko, a zamanin da ƙasar da aka yi labarin, wa ke iya sayen wannan launi, kuma daga ina ake kawo shi? Sannan, wa ke sanye da shi, wa kuma ke hangensa daga nesa? Mai sanye da abu ba ya mafarkinsa, mai hange ne ke yi, kuma galibi shi ne labarin yake kansa. Daga ƙarshe, me ya sami launin kafin a rufe littafin: ya tabbata, ya koɗe, ya narke, ko ya juya ya zama wuta? A amsar wannan ta ƙarshe ne za ka gane ra'ayin marubucin game da dukiya, ko da bai furta ba.

Ka gwada wannan a kan littafin da ke hannunka, ko tatsuniyar da za ka ji a bakin tsohuwa, ko fim ɗin da za a kalla a gidanku yau da dare.

Wani abu ya yi ta biyo mu cikin wannan babi ba mu tsaya a kansa ba. Kusan duk wanda ya hango launin arziki a labari, sai ya bar gida. 'Yar Bora ta tatsuniya ta kama hanya da ƙirgi a ka. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja, littafin Abubakar Imam na 1934, ya bar Kwantagora ya yi shekaru yana yawo. Ɗan ƙauyen Kitsen Rogo ya nufi birni. Me ya sa adabinmu ya ɗauka cewa abin da ake nema kullum yana can wani gari, kuma me matafiyi yake tararwa in ya komo? Babi na gaba a kan hanya yake, da masu binta.